Dariyar Baba Gado

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya tsaya a bakin teburina nan tashar Dogon Dutsi, hannu cikin aljihu, yana kallon yadda nake zuba wa wata tsohuwa bidiyo a waya. Da ta tafi sai ya ce wai shi bai ga abin da ake kira sana'a a nan ba, danna nan ne, danna can, shi ke nan. Abokansa da suka rako shi suka gyaɗa kai irin na masana. Ban yi fushi ba. Na tashi na ba shi kujerata, na ce ya sallami mai zuwa na gaba. Aka yi sa'a wani dattijon manomi ne daga Dogon Kiriya, ya ce a sa masa abin da zai ɗebe masa kewa. Gwanin naku ya zuba masa wata Baturiya tana yi wa karenta kitso. Dattijon ya kalli waya, ya kalli yaron, sannan ya juyo ya tambaye ni a hankali ko yaron nan lafiyarsa ƙalau. To ku matso, ku da kuke ganin turi wasa ne, ku ji yadda aka yi na samu teburin nan.

Turi dai shi ne mutum ya kawo maka wayarsa ko 'yar kart memwar ɗinsa, wadda ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, ka cika masa ita da abin kallo ya tafi ƙauyensu inda babu rezo, wato sabis ɗin waya. Ni a hannun Arzika na koya, a wata rumfar kwano kusa da kasuwar dabbobi. Na je masa da gemuna, bayan babur ɗin da nake kabu-kabu da shi ya gaji da ni ya mutu a hanyar Kore Mairuwa. Arzika tsohon mai kwafar kaset ne da zamani ya turo gaba. Kayan aikinsa ordinatar, wato kwamfuta, guda biyu ne, babba wadda yake zama a gabanta da wata tsohuwa mai ƙugin injin niƙa, sai batirin mota don ranar da aka ɗauke wuta, da tsohon burushin haƙori na share maɓallai, da matsefata. Kada ku yi dariya, matsefatar cire ƙaya ita ke ciro kart in ta maƙale a wayar ƙauye da ta sha gumi da fura. Kowace kart kuma da gidan ashanarta, don ranar kasuwa in suka haɗu a tafin hannunka, ko masu su ba sa iya bambanta su. Sai wani ɗan baƙin akwati da duk abin da muka tara yake ciki. Arzika rumbu yake ce masa, kuma ba ya bari a ajiye ko kofin shayi kusa da shi.

Aikina na farko shi ne farauta. Masu turi a garin nan duk waƙa da fim suke zubawa, amma Arzika ya ce shi abin mamaki yake sayarwa, kuma ni zan riƙa nemo shi. Sai in je sibar, wurin da ake hayar intanet, in zauna in yi ta tono. Rezon lokacin kuwa, sai ka danna bidiyo ka tafi ka yi alwala ka yi salla ka gaisa da mutane, ka dawo ka tarar kan jaki kawai ya sauko, sauran jikin yana hanya. A haka na gano duniya cike take da mutanen da ba su da aikin yi, Allah ya yi musu albarka. Akwai wanda ya sassaƙa ayarin raƙuma a bakin fensir. Akwai garin da ƙarti ke gasar gashin baki, wani ya murɗe nasa ya yi siffar keke da shi. Na ga takalmi sau ciki an sa masa wuƙa an yanka, ashe gato ne na fulawa da sukari, mutane suka raba suka cinye. Na ga birai kwance cikin ruwan zafi ƙanƙara na zuba a kansu, sun lumshe ido irin na manyan 'yan kasuwa. Na samo wasu tsofaffin hotuna baƙi da fari na zamanin da ake koyon tashi sama, mutum ya ɗaura fukafukai a kafaɗa, ya gaisa da jama'a cikin mutunci, ya hau katanga, ya faɗo tim. Ranar da na samo wannan sai da mai sibar ya ce in fita waje in gama dariyata.

Amma samowa ba ita ce sana'ar ba. Wata rana Inna Hajo, wata tsohuwa 'yar bori daga Kore Mairuwa, ta kawo kart, na zuba mata wasu awakin ƙasar waje waɗanda in an tafa musu hannu sai su sandare su faɗi ƙafa sama. Ni a wurina abin dariya ne. Kasuwa na zagayowa sai ga ta ranta a ɓace, wai doguwa ce ta taɓa dabbobin nan, mai su kuma yana tsaye yana washe baki maimakon ya nema musu magani. Ta ce in nemo mata mutumin ta yi masa bayani. Da ƙyar Arzika ya lallashe ta da bidiyon wata tsohuwa mai rawa da sanda. Tun daga nan na fara gane abin da ke shiga kowa. Bafulatani ka ba shi shanun nan masu gashi har ido, zai zage su tas ya kuma ce a ƙara. Mata suna son girki, musamman wanda ya lalace. Ma'aikatan ofis tarihi suke so, don su samu abin gardama a wurin mai shayi. Manomi yana son kabewa mai girman ɗaki, amma ban da shekarar da gero bai yi ba, in ka nuna masa a lokacin ba zai sake dawowa rumfarka ba.

Sai kuma su Malam Nasiru. Nasiru matashi ne mai butik, ɗan kantin kaya, a bakin titi, wando a ɗage, gemu a gyare, cikin samarin nan masu tsananta bin sunna. Wa'azi yake zuwa a zuba masa. Rannan ya jira sai da mutane suka ragu, ya sunkuyo ya ce ya ji ana labarin wata kyanwa da ta auna tsalle ta faɗa bokiti, shin ana iya samunta ba tare da kiɗan ba? Wai dabba halittar Allah ce, kallonta tunani ne, kiɗan ne matsalar. Na kwana biyu ina fama kafin na koyi yanke sauti. Da na iya, sai abokansa suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa na sunkuyowa yana ɗauka shi kaɗai ne. Muka ware musu ɓangare guda a rumbu muka sa masa suna Shiru. Ku riƙe zancen Shirun nan, za mu dawo kansa.

Ƙa'idar rumfar Arzika ita ce babu abin da ke shiga rumbu sai ya bi ta gaban Baba Gado. Baba Gado dillalin raguna ne, dogo, busasshe, kullum da safe yana zaune a bencin rumfarmu yana shan kunu kafin ya shiga kasuwa. A Dogon Dutsi babu wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoransa. An ce ranar aurensa ma haka fuskar take. Arzika ya ce abin da ya motsa wannan mutum zai kashe ɗan Arewa da dariya, don haka ya mai da shi alƙali. Za ka tsaya a gabansa ka riƙe masa waya daidai fuska. In ya yi shiru har aka gama, a goge. In ya ce "hm", a zuba a rumbu. Abin mamaki, hukuncinsa bai taɓa kuskure ba, duk abin da ya yi wa "hm" sai ya zagaya ƙauyuka har ya dawo mana daga wayar wani. Da na fara damun Arzika da zancen ya yaye ni, sai ya nuna tsohuwar ordinatar da haɓa, ya ce ranar da na ciro dariya daga bakin Baba Gado, dariya ta gaske mai sauti, in ɗauke ta in kafa teburina. Duk rumfar aka fashe da dariya, ban da mutum ɗaya.

Na ɗauki abin da zafi. Na kai masa mai fukafukai, hm. Na kai masa wani mawaƙi da ya hau dandali cikin rigar da aka ɗinka da cokula, yana juyi suna zuba, hm. Na kai masa wani zanen hoto da aka ce ya fi gida tsada, wanda babu komai a jikinsa sai ɗigo ɗaya, wannan ni ma bai ba ni dariya ba, shi ma ya yi shiru. Na kai masa agwagwa da takalmi, na kai masa jaki a bayan mota yana leƙe ta taga, na kai masa wani ƙato da ya shiga gasar cin barkono ya ƙare yana kiran uwarsa. Ni ina riƙe da waya ina haɗiyar dariya, hawaye na zuba, shi kuwa sai ya kurɓi kununsa ya ce hm. Rumbu ya cika ya batse, ni kuwa ina nan yaron shago da gemu.

Sai muguwar shekara ta zo. Aka kafa sababbin ƙarafan rezo, forfe, kuɗin shiga intanet, ya yi araha, kowane saurayi ya zama mafaraucin kansa. Abin da na sha wahala na samo da safe, kafin azahar ya riga ya shiga wayar kowa, har a nuna mini shi a tambaye ni ko na gani. Ga damina ba ta yi kyau ba, mutanen ƙauye da suka rage mana suka ɗauke ƙafa, kowa na ta abin da za a ci. Masu turi suka yi ta naɗe tebur, wani ya koma sayar da esans, man fetur, a kwalba, wani ya bi motar kudu. Mukan wuni muna goge ordinatar da ba ta yi datti ba. Ana saura kaɗan Babbar Salla Arzika ya zaunar da ni ya ce rumfa ba ta iya ciyar da gida biyu. Bayan Salla zai sayar da tsohuwar ordinatar, ni kuma in nemi hanyar cin rani. Na tuna masa alkawari. Ya ce alkawari na nan har ranar Salla, ga benci, ga Baba Gado. Na ji tsoro ƙwarai, don babur ya mutu, noma ban iya ba, kuma ina son aikin nan har raina.

Wata safiya na zaɓo masa wani daga ɓangaren Shiru. Biri ne ya ƙwace wa wani Bature tabarau ya saka, ya zauna yana duba tsintsiyar hannunsa wai shi mai agogo. Na danna, na juya masa waya, ni ina ganin bayanta. Na san abin a kaina, don haka daidai inda birin zai duba agogo dariya ta taso mini, na danne ta. Baba Gado ya ce hm. Na juyo da waya zan ajiye, sai na ga fuskarta baƙa ƙirin. Batir ya ƙare. Na tuna 'yar girgizar da ta yi a hannuna tun ina juya ta, ashe tun lokacin ta mutu, kuma da yake bidiyon ba shi da sauti babu wanda ya lura. Mutumin nan baƙin gilashi ya yi wa hm. Na ɗaga kai, karo na farko tunda na san shi na dubi idanunsa maimakon bakinsa. Wani farin abu ne kwance a cikinsu.

Na cusa wayar a aljihu na ci gaba da aiki. Da rana ta take na same shi a bayan turakun raguna, shi kaɗai, yana shafa bayan wani uda. Na gaishe shi, na ce wayar nan ta safe a mace take. Hannunsa ya tsaya a kan ragon.

"Ka gani ke nan," in ji shi.

Na tambaye shi to yaya yake yanke hukunci duk shekarun nan.

"Numfashin mai riƙe da waya ni ka saurare. In naj ji shina haɗiyar dariya, in ce hm. In shi da yag gani bai motsa ba, mi za ya motsa wani?"

Ya ce yanar ido ce, ta daɗe tana rufe shi a hankali, yanzu inuwa kawai yake gani. Rago kam hannunsa ya ishe shi, yana taɓawa ya san shekarunsa da abin da ya ci.

"Amma in garin ga yaj ji idon Gado ya tahi, wa ka sake ba ni rago nai in saida? Ga Salla ta taho. Ka ruhe min asiri, ɗana, ni ko gobe in yi maka dariyar ga da kake biɗa."

Na ce asirinsa a rufe yake ko da dariya ko babu, amma tunda ya yi tayi ba zan ƙi ba. Muka tsaya gwaji nan take. Baba Gado ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki ya saki wani abu: ha, sai ya huta, ha, ya sake hutawa, ha. Udan da yake shafawa ya fizge igiya. Na ce Baba a ɗan haɗa su, a sa musu rai. Ya haɗa su, abin ya koma kukan ƙofar kwano. Na ce ya tuno wani abin da ya taɓa ba shi dariya, ya yi dogon tunani ya ce babu. Haka muka je gaban Arzika washegari. Na riƙe waya, na taka masa ƙafa alamar lokaci ya yi, ya saki kayansa. Arzika ya zabura ya ɗebo ruwa a randa, yana yi masa sannu yana bubbuga masa baya. Da na ce ai dariya ce, sai ya kalle ni ya ce shi ya san tari, kakansa da shi ya rasu.

Da la'asar ina raka Baba bakin hanya, ina ɗan gaba yana bin ƙarar takalmina, sai ya tambaye ni cikin ƙunƙuni wai shin me ke cikin wayar nan ranar da ta mutu. Na fara ba shi labari, ga Bature, ga biri, ga tabarau, na ce birin ya zauna ya harɗe ƙafa sai ka ce sabon kumandan da aka turo daga Yamai. Ina waiwayowa na ga gefen bakinsa ya motsa. Kaɗan ne ƙwarai, amma na gani. Nan take na tsuke bakina. Ya ce sai aka yi yaya, na ce na manta. Ya zage ni, na ji daɗin zagin nan har raina. Ashe mutumin nan ba dariya ce ba shi da ita ba, shekara da shekaru duhu ake nuna masa ana jiran ya yi ta. Na kuma tuna lokacin kokawa ba ya rabuwa da 'yar rediyonsa, kunne a manne, yana sauraron yadda mai sharhi ke kai ƙato ƙasa.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin Salla gari ya cika da raguna da masu taya su. Na zaɓi wani bidiyo da na daɗe da ajiyewa a ɓangaren Shiru. Rago ne a wata ƙasa ya tsere ya tsaya gaban wani babban kanti mai ƙofar gilashi, irin wadda ke buɗe kanta in an matso. Ya ga kansa a jikin gilashin ya ɗauka wani ragon ne. Baba Gado na kan benci da kwanon kununsa, Arzika na gaban ordinatar, Nasiru ya zo karɓar kart, ga wasu 'yan kasuwa suna jiran sharjin wayoyinsu. Na riƙe waya daidai fuskar Baba kamar kullum, na ce da ƙarfi tunda wannan ba shi da sauti bari in ara masa nawa. Na toshe hanci ɗaya don muryata ta yi irin ta rediyo.

"Jama'a masu saurare, ga mu cikin hilin kokawa. Hannun dama, Balami na gidan Ƙi-gudu, ƙaho kamar an murɗa igiya, tun sahe bai ci komi ba sai dussa da takardun mutane. Hannun hagu, abokin karo nai, kama ɗaya sak, ko uwassu sai ta shinshina. Balami ya ɗaga ƙahwa, wancan ya ɗaga. Balami ya ce kai, ni kake kwaikwayo gaban mutane? Ya ja baya. Ya ƙara ja baya. Ya duƙe kai, ga shi nan tahe, ƙasa na rawa, sai ƙohwa ta buɗe! Abokin karo ya ɓace, jama'a, layar zana gare shi. Balami ya wuce ciki, daɓe mai santsi ya ɗauke shi, ƙahwa huɗu na tuƙin iska, ya tahi kai tsaye ya gaida gwangwanayen tumatir."

Mutane suka fara taruwa, masu leƙen waya da masu leƙen bakina. Ni idona na kan Baba Gado. Kwanon kunu ya tsaya a hanya, bai kai baki ba. Na ci gaba, na ce rago ya fito yana layi, ya girgije, ƙofa ta rufe, sai ga marar kunyar nan ya dawo yana kallonsa. Aka sake karawa, aka sake gaida tumatir. Daga nan Balami ya ce dabara za a yi, ya taho da sanɗa yana duban gefe wai shi ba ruwansa, ƙofa ta sake buɗewa. Kafaɗun Baba suka fara motsi. Ya dafe baki da hannu yana kokawa da kansa, na ga alamar zai iya cin nasara, hankalina ya tashi don bidiyon ya kusa ƙarewa. Daidai nan wani mai gadin kanti, gajere mai tumbi, ya fito a bidiyon da hannu a buɗe yana lallashin ragon. Allah ya kawo mini magana.

"To ga dillali ya iso. Shina cewa, Alhaji, wanga rago lahiyayye na, ba shi tunkuyi, wallahi ko jinjiri na jan shi. Ya juya don ya nuna ma Alhaji. Balami ya ɗauki dillali ta baya! Dillali na sama, hula na ƙasa, ya sabka cikin kwandon kabeji, shina ta cewa, bai taɓa yin haka ba."

Wannan ita ce maganar da Baba Gado ke faɗa wa masu saye kullum ta Allah, har da rantsuwar. Abin ya fara da wani siririn sauti irin na buta a kan wuta, sannan ya fashe. Kunu ya biyo hanci. Kwano ya kife, hula ta faɗi, ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana dukan cinyarsa yana cewa bai taɓa yin haka ba, bai taɓa yin haka ba. Ashe haƙoran ma ba su da yawa. Daga kasuwar dabbobi aka riƙa rugowa, wasu sun ɗauka faɗa ake, wata mai ƙosai ta ce iskoki ne suka hau shi a kira mai goge. Malam Nasiru ya juya ya fuskanci bango, gemunsa na rawa. Ni kuwa don murna na zauna kusa da Baba a ƙasa.

Arzika ya dubi Baba a ƙasa, ya dube ni. Ya tashi ya zare wayoyin tsohuwar ordinatar ya naɗe su, ya yi gammo da tsumman goge tebur ya ɗora mini a ka, ya ɗora ta. Ya ce in tafi in nemi wuri nesa da shi kada in kwashe masa mutane. Ban kai bakin titi ba Nasiru ya biyo ni yana goge ido, ya ce muryar mutum ai ba kiɗa ba ce, ko za a iya manna sharhin nan a jikin ragon a zuba masa? Abin da ya fitar da mu daga muguwar shekara ke nan, ni da Arzika duka, don bayan Salla shi ya koma farauta ni ina sa murya. Bidiyo kowa na iya samu a wayarsa, amma biri mai jin harshen Arewa sai a teburina. Na sa masu gashin baki sun yi zaman sulhu. Na sa mai fukafukai ya yi wa matarsa sallama, zai je Dosso ya dawo kafin la'asar. Shanu masu gashi kuwa na mai da su surukan Fulani, abokan wasanmu, har yau in sun zo kasuwa sai sun rama. Kafin in manna kowace murya kuma sai na je na tsaya gaban Baba Gado ina yi masa ita, da waya a hannu daidai fuskarsa, yadda kowa zai ɗauka kallo yake.

Shi ya sa in kun ga ina kallon mai waya kafin in taɓa ordinatar, ba gulma nake ba. Da ɗan ƙanwata ya dubi kantar tafin hannun dattijon nan na Dogon Kiriya, da ya san ba mai kallon kitson kare ba ne, kabewa zai ba shi tunda bana an yi gero.

Labarin nan ban taɓa ba kowa shi ba sai bayan da likitocin ido suka zo garin nan aka cire wa Baba Gado yanar, shi da kansa ya riƙa tona asirinsa a kasuwa yana alfahari. Da Arzika ya ji, sai ya riƙe haɓa ya ce ashe duk rumbunsa makaho ne ya zaɓa, kuma babu ko ɗaya da ya yi kwantai. Ranar da aka kwance wa Baba ido ya zo tasha da baƙin tabarau, ya zauna a bencina, ya ce in nuna masa ragon nan, na asali, marar murya. Na nemo shi, na riƙe masa waya daidai fuska. Ya cire tabarau ya kalla tun daga farko har kwandon kabeji, fuskar nan tamau kamar ta da.

"Wanga shi na Balamin? Ɗan abin ga, ko nama babu gare shi." Ya ture wayar da bayan hannu. "Kashe ta. Hwaɗa min da bakinka."

Ya jingina da bango ya rufe sababbin idanunsa. Ban kai ga toshe hanci ba kafaɗunsa suka fara rawa.